«Ai kusu na, ba mutum ba»

Daren da aka kafe sakamakon zangon farko muna fada, shayi na biyu yana kan gawayi, wani abokina ya faɗi maganar da ta jawo wannan rubutu. Ba zan faɗi sunansa ba, ku kuma da kuka san shi ku yi kamar ba ku gane ba. Cewa ya yi: «Wallahi kullum ina anfi. Ko darasi guda ban rasa ba. Amma da anka raba takardu sai na mance komi.» Aka ba shi haƙuri yadda aka saba, wani ya zagi malamin, wani ya ce a nemi a sake duba takardar. Kwalbar kuwa tana cikin aljihun jakarsa, duk wanda ke wurin ya san da ita, ba wanda ya ambace ta sai ni. Na ce masa na karanta abin da wannan siro yake yi wa ɓeraye a ɗakin gwaji. Ya yi dariya har yana bugun cinya: «Kamarad, ai kusu na, ba mutum ba! Kuma wanga ba kodin cikinai. Maganin tari na, farmasi ma suna saida shi.»

Fada ta ɗauki dariya, aka bar ni da kunya. Na yi sati uku ina tauna maganar. Ga amsata a rubuce, tunda a fada mai ƙarfin murya ne ke da gaskiya.

Ilimin harshe nake karantawa, don haka bari in fara daga inda ƙafata ke taka ƙasa. Kalmar «mance» a bakin abokina ƙarya ce, ko da yake shi bai san ƙarya yake yi ba. A darasin ma'ana an koya mana cewa wasu kalmomi suna zuwa da kaya a ɓoye. In ka tambayi mutum «ka daina sata?», ko ya ce i ko ya ce a'a, ya riga ya amsa cewa ya taɓa yi. «Manta» ma haka take. Wanda ya ce «na manta lambar» yana gaya maka lambar ta taɓa zama a kansa, daga baya ta kuɓuce. To abin da gwajin dabbobi yake nunawa game da wannan magani da danginsa shi ne, babbar ɓarnarsu tana wajen shigar da sabon abu. Karatun da ake nema ranar jarrabawa tun farko bai samu wurin zama ba. Hausa tana da maganar da ta dace da wannan, kullum muna yin ta: «bai zauna ba», «kai bai ɗauka ba». Amma mun fi son «na manta» don tana da mutunci, tana nuna ka taɓa sani.

Abin da ke cikin kwalbar sunansa dekistrometorfan. Dogon suna ne, an buga shi da ƙananan haruffa a gefen kwali, shi ya sa ba mai karanta shi. Wasu kwalaben da ke zuwa da Ingilishi harafi biyu kawai suke ƙara wa sunansu, DM. An amince da shi a Amurka a 1958, a matsayin abin da zai tsayar da tari ba tare da jarabar kodin ba. Kuma ba a maƙogwaro yake aiki ba, ko da yake zaƙin siro yana sa mu ɗauka haka. Cikin jini yake bi ya hau can gindin ƙwaƙwalwa, inda ake ba da umarnin yin tari, ya rage wa wurin kaifi. Ashe ke nan ko cokali guda maganin ƙwaƙwalwa ne tun asali. Tambayar ita ce me zai faru in aka juye kwalba.

A kan kodin, abokina yana da rabin gaskiya. Kodin dangin ofiyom ne, hanta tana juya wani sashensa ya zama morfin. Shi ne Nijeriya ta hana yin sironsa da shigo da shi a watan Mayu na 2018, bayan fim ɗin binciken da BBC ta fitar, kuma mu da ke Maraɗi da Damagaram da Konni mun ga labarin kamar a tsakar gidanmu, don iyakar ba ta taɓa tare kwalba ba. Tun lokacin «ba kodin ciki» ta zama wata irin takardar wanke kai. Sai dai dekistrometorfan yana da tasa hanyar daban. In ya yi yawa, shi da abin da hanta ke juya shi ya zama, dekistrorfan, suna toshe wata ƙofa a ƙwaƙwalwa, ƙofar nan da ketamin yake toshewa, maganin da ake sumar da mutum da shi a ɗakin tiyata. Faransa, wadda yawancin magungunan farmasinmu suke ɗauke da harshenta, ta haɗa su biyun a doka guda a watan Yuli na 2017: kodin da dekistrometorfan, ba a sayar da ko wanne sai da takardar likita.

Yanzu ga kusun. (A littattafan Kano ɓera ne, mu kusu muka tashi muna ji, zan yi amfani da duka biyun, wanda ya ga dama ya kai ƙarata sashenmu.) A farkon shekarun 1980 wani mai bincike a jami'ar Sant Andurus ta Sikotilan, Richard Morris, ya ƙirƙiro wata jarrabawa mai sauƙi. Babban baho ne mai da'ira, faɗinsa tsakanin mita ɗaya da rabi da mita biyu. A cika shi da ruwa, a zuba madarar gari ko farin fenti har ruwan ya daina nuna abin da ke ƙasa. A wani gefe akwai ɗan dandamali da ruwa ya rufe da kamar kaurin yatsa, ido ba ya ganinsa. A saka ɓera. Ɓera ya iya iyo amma ba ya so, mafita yake nema. Ranar farko yawo yake yi, yana bin bango, har ƙafarsa ta ci karo da dandamalin ya hau. Ana maimaitawa sau da dama a yini, kowane karo daga wani gefe daban, don kada ya haddace «dama sannan hagu» kawai. Ba wari a ruwa, ba sawu. Abin dogaronsa shi ne abubuwan da yake hange a ɗakin, taga, ƙofa, hoton da aka liƙa a bango. Cikin kwana huɗu ko biyar lafiyayyen ɓera yana miƙewa kai tsaye, abin da ya ci masa kusan minti guda ya koma ƴan daƙiƙoƙi. Ranar ƙarshe sai a cire dandamalin a ga inda zai nema. Wanda karatu ya zauna masa sai ya yi ta kewaya gurbin da aka cire abin, kamar mai neman takalminsa a ƙofar masallaci.

Na daɗe a kan bahon nan da gangan, don in nuna cewa babu wayo a cikinsa. Ɓera ba ya satar amsa, ba ya cewa malamin ne ba ya son shi. Ko ya san wurin ko bai sani ba, agogo da kyamara suna rubutawa.

Sashen ƙwaƙwalwar da ke wannan aiki shi ne hipokam, kalmar Girkanci mai nufin dokin teku, don siffarsa ta yi kama da wannan ɗan kifin mai lanƙwasa. A 1982 Morris da abokan aikinsa, cikinsu har da John O'Keefe wanda ya samu kyautar Nobel a 2014, sun nuna cewa ɓeran da aka lalata wa hipokam ba ya koyon inda ɓoyayyen dandamalin yake, amma in aka ɗago dandamalin ya fito fili yana zuwa gare shi lafiya lau. Idonsa da ƙafarsa ƙalau suke, taswirar ce ba ta zanuwa. Kafin nan, a 1973, Tim Bliss da Terje Lømo sun wallafa abin da suka gani a hipokam ɗin zomo a Oslo: in aka bi wata hanyar jijiya da saƙo mai ƙarfi a jere, mahaɗar da ke tsakanin jijiyoyin tana ƙara ƙarfi, kuma ƙarfin yana daɗewa. Duk wanda ya taɓa ja ruwa a tsohuwar rijiyar ƙauye ya ga irin wannan. Itacen da aka gitta a bakin rijiya yana da zanen igiya, rami-rami, kowane guga ya ƙara masa kaɗan, har igiya ta riƙa faɗawa cikin gurbin da kanta. Koyo ke nan.

Ƙofar da ke ba da izinin yin wannan zane ita ake kira NMDA. Tana da tsauri. Sai saƙo ya iso daga jijiyar farko, a lokaci guda kuma jijiya ta biyu tana a farke, sannan ɗan maganiziyom da ya toshe bakinta ya kauce, kalsiyom ya shiga, mahaɗar ta ƙarfafa. A 1986 Morris da wasu suka toshe wannan ƙofa a ƙwaƙwalwar ɓeraye da wani sinadari na ɗakin gwaji mai suna AP5. Ɓerayen suka kasa koyon wurin dandamali, ƙarfafar mahaɗa ma ta tsaya. Bayan ƴan shekaru ya gwada akasin haka: ya bar su suka koya tukuna, sannan ya ba su sinadarin. Suka tafi wurin da suka sani. Abin da aka riga aka zana yana nan. Igiya ce ke ta wucewa bisa itace ba ta barin sabon zane. Ga «manta» ga «bai zauna ba», an raba su da gwaji, mu muna nan muna cakuɗa su a kalma guda.

Sai maganin tarin kansa. A 1996 wasu masu bincike a Amurka suka raba ɓeraye gida biyar. Gida huɗu aka ba su dekistrometorfan, miligiram 10, 20, 30 da 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, na biyar aka ba su ruwan gishiri. Aka kai su baho. Gwargwadon yawan maganin, gwargwadon jinkirin koyo. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne kashi na biyu na gwajin, lokacin da aka ɗauke dandamalin aka kai shi wani gefe. Ɓerayen da suka sha mafi yawa sun fi kowa daɗewa suna komawa tsohon wuri. Duniya ta canza, su suna iyo zuwa inda tudu yake jiya. Na karanta wannan na ajiye wayar na yi shiru, don na san mutanen da haka suke a muhawara, a soyayya, a lissafin kuɗin wata.

A Koriya ta Kudu, inda matasa suka taɓa rungumar wannan magani, wasu masu bincike suka yi tambayar da ta fi shafarmu. Suka ɗauki ɓeraye masu tasowa, daga kwana 28 zuwa 37 da haihuwa, lokacin da ya yi daidai da samartaka a rayuwar ɓera, suka riƙa ba su miligiram 40 ga kilo kowace rana. Kwana goma kacal, sannan suka daina. Suka bar su har suka kai wata 18, ɓera kuwa shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya, kun ga sun manyanta ke nan. Da aka kai su baho, maza da mata duk sun nuna rauni, kowane jinsi a nasa ɓangaren jarrabawar. An wallafa wannan a 2007. Magani ya bar jikinsu da fiye da shekara, alamar tana nan.

Ba zan ɓoye abin da ke rage wa hujjata kaifi ba, don in na ɓoye wani zai tono shi ya ce duk sauran ma ƙarya ne. Masu gwajin 1996 da kansu sun rubuta cewa a mafi girman awo, maganin yana iya taɓa daidaiton jiki ko himmar dabbar, ba koyo kaɗai ba. Ɓera mai layi ba zai yi iyo a miƙe ba ko da ya san hanya. A 1995 ma wasu gwaje-gwaje biyu sun nuna cewa ɓeran da ya riga ya saba da baho yana iya koyon sabon wuri ko an toshe masa wannan ƙofa. Masana sun yi ta jayayya a kan haka, kuma haka ya kamata. Sai dai in tambayi abokina: wace nasara ce a ce maka ba ƙwaƙwalwarka kaɗai abin ya taɓa ba, har da ƙafarka da himmarka? Ɗalibin da ke layi, ba ya ji ba ya gani a kan benci, shi ma sifiri zai ci, ko ta wace ƙofa sifirin ya shigo.

To, «ai kusu na». Bari mu ga ko mutum yana da wata ƙwaƙwalwa ta daban da aka ƙera masa shi kaɗai. A 1953 aka yi wa wani saurayi Ba'amurke mai shekara 27, Henry Molaison, tiyata saboda farfaɗiya, aka cire masa yawancin hipokam na gefe biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Ya san sunansa, ya san ƙuruciyarsa, yana hira kamar kowa. Amma daga ranar har ya rasu a 2008 sabon abu ba ya zama. Brenda Milner, wadda ta shekara da shekaru tana nazarinsa, sai ta sake gabatar da kanta duk lokacin da ta zo. Wurin da ɓera ke ajiye taswirar baho, nan ɗan Adam ke ajiye abin da ya faru da safe, da ƙofofi iri guda, da sinadarai iri guda. Ba don haka ba, da ba a gwada magungunan da kake sha a jikin ɓera kafin su iso gare ka. Abin mamaki, mun yarda da kusu lokacin da ya shaida cewa magani yana aiki, sai da ya shaida cewa yana ɓarna muka tuna cewa dabba ce.

Wanda ya fi abokina wayo zai ce: awon da aka ba ɓerayen ya wuce hankali. Mu lissafa, ba sai da digiri ba. Babban mutum mai busasshen tari ana ba shi miligiram 10 zuwa 30 a sha ɗaya, kada ya wuce 120 a yini. Mai kilo 60 da ya sha 30, rabin miligiram ke nan ga kilo. Ɓeran Koriya ya samu 40, ninki 80. Da alama mai wayon ya ci. Amma ƙaramar dabba tana ƙone magani da sauri fiye da babba, shi ya sa masana ba sa kwatanta kilo da kilo kai tsaye. Ƙa'idar da hukumar magunguna ta Amurka take amfani da ita ita ce a raba awon ɓera da 6,2. In ka raba 40 da 6,2 za ka samu wajen 6,5. Ka ninka da kilo 60, ka samu kusan miligiram 390. Yanzu ɗauko kwalba. Akwai siro mai miligiram 15 a cikin kowane mililita 5. Kwalba mai mililita 100 tana ɗauke da 300 ke nan. Lissafin kusantarwa ne, allura da sha ba ɗaya ba ne, amma ya isa ya nuna unguwar da kowa yake. Mai shan cokali yana can ƙasa da mafi ƙarancin awon da aka gwada a 1996. Mai juye kwalba cikin lemo yana maƙwabtaka da ɓerayen da suka fi kowa shan wahala. Su kwana goma aka yi musu. Abokina tun bara yake yi.

An ma gwada a jikin mutane. A jami'ar Johns Hopkins ta Amurka an ba wasu manya 12 masu lafiya, da yardarsu, a ƙarƙashin kulawar likitoci, awo mai ninka na magani sau da yawa, aka wallafa sakamakon a 2013. Mai da hankali ya ragu, riƙe abu na ɗan lokaci ya ragu, tuna kalmomin da aka nuna musu ya ragu. Har da wani abu da ya fi ba ni tsoro: iya auna kai, wato mutum ya san ko ya yi daidai ko bai yi ba, shi ma ya taɓu. Wannan ya fassara mini rantsuwar abokina. Da gaske ya zauna a anfi, da gaske ya ji kamar yana ganewa. Ma'aunin da zai gaya masa cewa bai gane ba, shi ma yana cikin ruwan.

Kuma ba kowa ne jikinsa ke karɓar abin iri ɗaya ba. Anzim ɗin hanta da ke sarrafa shi, CYP2D6, gado ne, wani nasa mai sauri wani mai nawa, shi ya sa kwalbar da ta bar wane yana dariya take kwantar da wane. Tramol ma ta wannan anzim yake bi, kuma su biyun suna ɗaga sinadarin serotonin, haɗa su yana iya kawo zazzaɓi mai tsanani, karkarwa da ruɗewa har a kai ga asibiti. Siro da yawa kuma ba abu ɗaya ne a ciki ba, akwai masu haɗe da parasetamol, wanda yawansa ke lalata hanta a hankali ba tare da gargaɗi ba. Wannan wani rubutu ne daban.

Yanzu in juya ga ɗaya ɓangaren, don ba da masu sha kaɗai nake faɗa ba. Akwai saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp, da masu faɗakarwa da ke zuwa makarantu da rigar taro da hula, suna cewa siro «yana narkar da ƙwaƙwalwa», «yana huda rami a kai», wanda ya sha sau ɗaya ya haukace. Maganar ramin tana da tushe, amma an sauya mata gida. A 1989 John Olney ya ga wasu ƙananan kumfa a cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka ba ketamin da wasu danginsa. Da aka gwada dekistrometorfan ta baki a jikin ɓeraye, a wani binciken da ya fito a 2007, ba a ga kumfan ba. Kun ga illar ƙari? Saurayi ya ji an ce zai haukace. Ya sha, ya wayi gari bai yaga riga ba, bai bi bola ba. Ya duba abokansa, su ma lafiya. Daga ranar duk abin da mai faɗakarwa zai faɗa ya zama tatsuniya, har da gaskiyar da ke ciki. Ita kuwa gaskiyar ba ta da ƙara. Ba ta sa mutum tsirara a kasuwa. Maki 8 take ba shi a inda da zai ci 13, ta sa ya maimaita shekara, ta yanke masa burs, ta mai da shi gida da labarin cewa malamai ne azzalumai. A gefe guda kuma ga uwa mai tarin hunturu ta ji saƙon, ta tsorata da cokalin da likita ya rubuta mata, ta koma wurin mai tire a tasha. (Tun da na taɓo nan: ƙananan yara ba a ba su wannan magani sai likita ya ce, tari mai majina ba a danne shi, tarin da ya wuce sati biyu kuma gwajin majina yake so, ba siro ba.)

Maganar abokina ta ƙarshe ita ce ta fi ƙarfi, don harshen ne da kansa yake tsaya masa. «Maganin tari na.» Ku duba wannan ɗan «-n» da ke haɗa magani da abin da ke biye. Maganin tari yana kore tari. Maganin ƙarfi yana kawo ƙarfi. Maganin sauro yana kashe sauro, maganin ɓera kuwa kowa ya san ba lafiya yake ba ɓera ba. Ginin jimla ɗaya, ma'ana uku, mai sauraro ne ke cike gurbin da abin da ya sani. Kakanninmu da suka bar mana kalma guda ga waraka da guba sun san abin da suke yi: bambancin yana wajen awo da wanda aka ba. Mu muka ɗauki rabin kalmar mai daɗi muka yi garkuwa da ita. Haka «sha». Ana shan magani, ana shan shayi, ba laifi. Sai an ninka kalmar ta zama «shaye-shaye» sannan kunya take shigowa, kuma ba wanda ya yarda cewa nasa shan ya kai a ninka. Ɗan shaye-shaye kullum wani ne, na bayan tasha, mai jajayen idanu. Mai kaye da bik a anfi magani yake sha.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mu al'umma ce mai girmama hadda. An tashe mu da asuba mun biya allo. Iyayenmu mata sun nemo mana rubutu, sun ba mu zuma da zabibi don kai ya buɗe. Yaron da ya haddace izu sittin ana yi masa walima. Makaɗanmu suna riƙe sunayen sarakunan Gobir da na Katsina da na Damagaram a ka, ba takarda. Mun san darajar riƙo fiye da masu baho da kyamara. Sai ga jikokin waɗannan mutane suna biyan kuɗinsu su sayi abin da ke hana riƙo, a shekarun da kai ya fi ɗauka, kuma duk bayanin da zai tsayar da su yana kulle cikin Ingilishi, ko Faransanci bai cika samunsa ba. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, mun yi murna, ni ma na yi. Amma har yau takardar da ke ninke cikin kwalin siro ba ta jin Hausa, kuma mai kabu-kabun da ya bar lakwal a aji huɗu ba shi da inda zai karanta ko layi uku na abin da na rubuta a sama. Mu ƴan sashen harshe muna ta jayayya a kan inda za a sa ƙugiyar harafi. In mun isa, mu zauna da ƴan likitanci mu fitar da shafi ɗaya, a karanta a rediyon gari, wanda zai ce cokali kaza magani ne, kwalba kaza ga abin da ta yi wa kusu, ba ƙari ba ragi.

Na kai wa abokina wannan rubutu kafin in miƙa shi wurin fotokopi, don bai dace ya fara ganinsa a hannun wasu ba. Ya karanta a tsaye, bai yi dariya ba. Ya ce lissafin 6,2 ɗin nan shi bai yarda da shi ba sai ya tambayi wani ɗan uwansa da ke aiki a farmasi, na ce ya tambaya, abin da nake so ke nan. Sannan ya ce in cire maganar «tun bara», na ce ba zan cire ba. Jarrabawar cike gurbi saura sati biyar. Ya ari kayena na nahawu, ya sa shi a jakar, a babban aljihu. Ƙaramin aljihun ban duba ba.